Asalin Busasshen Kifin Røst

Wanda ya taɓa shiga kasuwa a kudancin Najeriya ya san wani busasshen kifi mai tauri kamar icce, wanda Ibo ke kira okporoko. Kaɗan ne suka san inda ya fito.

Can a arewacin ƙasar Norway, a ƙarshen jerin tsibiran Lofoten, akwai wani ɗan tsibiri da ake kira Røst. Shimfiɗe yake, babu tudun kirki, mutanensa kamar 500 ne. Kowace shekara, daga Janairu zuwa Afrilu, wani kifi da suke ce wa skrei yakan baro Tekun Barents ya zo wajensu yin ƙwai. In sun kama shi, ba gishiri suke sa masa ba, ba kuma banda suke yi ba. Sai su cire kai da kayan ciki, su ɗaure wutsiyoyi biyu-biyu, su rataye a kan dogayen rumfunan katako, su bar wa iska sauran aikin. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda Allah ya auna musu sanyin nan: ya isa ya hana ƙuda da ruɓa, amma bai kai ya daskarar da naman har ya ɓata shi ba. Kafin Yuni kifi ya bushe ƙayau, ya yi shekaru a ajiye bai lalace ba.

A shekarar 1431 wani matuƙin jirgin ruwa ɗan birnin Venice da ke Italiya ta yau, Pietro Querini, ya taso daga tsibirin Crete da mutum 68 za su Flanders. Guguwa ta farfasa jirgin, igiyar ruwa ta yi ta jan kwalekwalensu arewa, har a Janairun 1432 ta yar da su kusa da Røst. Mutum 11 kaɗai suka rayu. Masunta suka tsince su, suka raba su gida-gida, suka ciyar da su wata uku cur, alhali ko yaren juna ba sa ji. Da zai koma, Querini ya tafi da busasshen kifi 60. Daga nan, in ji mutanen Venice, kifin ya shiga tukunyarsu, kuma har yau Italiya ce babbar mai saye.

Najeriya kuwa ta ƙara sabawa da shi ne lokacin yaƙin basasa, 1967 zuwa 1970, da aka riƙa kawo shi cikin kayan agaji. Kawunan nan da ake cirewa ma ba a zubarwa. Shanya su ake yi daban, a ɗure a buhu, a yo Legas da su.