Yadda Ake Auna Haidurojin a Cikin Ƙarfen Titaniyom

Titaniyom ƙarfe ne mai ƙwari da rashin nauyi, wanda ake ƙera sassan jiragen sama da ƙusoshin ɗorin ƙashi da shi. Sai dai idan ya yi zafi yakan sha iskar haidurojin, wadda yawanta ke sa shi gautsi har ya tsage ba zato. Don haka ƙa'idar masana'antu ta kayyade ta a kashi 0.015 cikin ɗari a yawancin nau'o'insa.

Domin sanin adadin da yake iya sha, ana bin hanyar Adolf Sieverts, masanin kimiyya ɗan Jamus. Akan rufe ɗan guntun ƙarfen a mazubin da aka san girmansa, a zafafa shi, a tura iskar, sannan a lissafa abin da ya shige shi daga raguwar matsinta. Idan matsin ya ninka sau huɗu, abin da ƙarfen ke sha ninki biyu yake yi.

A masana'antu kuwa, akan narkar da samfurin cikin iskar agon, a auna haidurojin da ya fito. Ƙarfen da ya haura ƙa'ida akan gasa shi a tanderun da aka zuƙe wa iska, ya amayar da rarar.