Daga Allin Malbaza zuwa Awon Magani: Tarihin Mikhail Tswett

Matafiyin da ya bar Birnin Ƙonni ya nufi Madawa ba ya rasa hango masana'antar siminti ta Malbaza, wadda aka kafa a shekarun 1960 saboda farin dutsen da ke shimfiɗe a ƙarƙashin ƙasar wurin. Dutsen ragowar halittun wani teku ne da ya rufe yankin miliyoyin shekaru da suka wuce, kuma sinadarinsa ɗaya ne da na alli. Da garin irin wannan dutse ne wani masanin tsirrai ya buɗe ɗaya daga cikin manyan ƙofofin kimiyyar sinadarai, ya kuma bar duniya ba tare da ya ga ranar aikinsa ba.

An haifi Mikhail Tswett a garin Asti na Italiya a shekarar 1872. Mahaifinsa mutumin Rasha ne, amma a Suwizalan ya tashi, ya sami digirin digirgir a Jami'ar Janeba a 1896. Da ya koma ƙasar mahaifinsa sai hukumomi suka ƙi amincewa da takardunsa, dole ya sake neman digiri a Kazan. Daga nan ya sami ƙaramin matsayi a Jami'ar Warso, wadda a lokacin take hannun Rasha.

Tambayar da ta dame shi mai sauƙin faɗa ce: koren da ke cikin ganye abu ɗaya ne ko haɗin gambiza? Masanan zamaninsa kan dafa ganye ko su zuba masa sinadarai masu ƙarfi, wanda hakan ke lalata abin da ake nema. Tswett ya bi wata hanya. Ya ɗura garin alli a bututun gilashi, ya tsiyaya ruwan ganye daga sama, ya bi shi da wani tataccen mai na fetur. Ruwan na gangarawa sai launin ya rabu hawa-hawa: kore iri biyu, da rawaya iri-iri, kowanne a matakinsa. Sai da ya jarraba gari fiye da iri 100, har da na sukari. Ya bayyana sakamakon a wata lacca a Warso a watan Maris na 1903, sannan a 1906 ya raɗa wa dabarar suna kuromatogirafi, wato rubutu da launi a harshen Girka. Wani abin sha'awa, ma'anar sunansa a Rashanci ita ce launi.

Sirrin yana cikin garin ne. Lamarin kamar ayari ne da ya ratsa gari: mai dangi da yawa a ciki zai yi ta tsayawa gaisuwa, baƙo kuwa zai wuce kai tsaye, kafin a kai ƙofar fita ayarin ya rarrabu. Haka kowane sinadari ke manne wa ƙwayoyin garin gwargwadon ɗabi'arsa, wani ya jima, wani ya zarce. Iya yawan ƙananan kafofin da ke jikin ƙwayar, irin waɗanda randa ke tsatsafo da ruwa ta cikinsu, iya yawan wuraren tsayawa.

Sai dai manyan masana ba su karɓa ba. Richard Willstätter na Jamus, wanda ya ci kyautar Nobel a 1915 kan binciken koren ganye, bai yarda da hanyar ba. Babban littafin Tswett na 1910 kuma da Rashanci ya fito, harshen da 'yan kaɗan ke karantawa a yammacin Turai. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya raba shi da Warso a 1915. Ya sami kujerar farfesa a Tartu a 1917, shekara ta zagayo aka sake kwashe jami'ar zuwa Voronezh, inda ya rasu ranar 26 ga Yuni, 1919, yana da shekara 47.

Ranar wanka ba a ɓoye cibi. A 1931 Richard Kuhn da Edgar Lederer suka farfaɗo da dabarar a Heidelberg. A 1941 Archer Martin da Richard Synge na Ingila suka inganta ta da garin silika, dangin yashi mai kafofi, suka sami Nobel a 1952. A shekarun 1960 Csaba Horváth ya ƙera na'ura a Jami'ar Yale mai tura ruwan da matsi mai ƙarfi, aikin sa'o'i ya koma na mintuna. Daga nan gasar ta koma kan ƙwayar garin: Jack Kirkland a kamfanin DuPont da Klaus Unger a Jami'ar Mainz sun ƙarar da rayuwar aikinsu wajen daidaita girmanta da faɗin kafofinta. Giram ɗaya na irin wannan silika, in da za a baje cikinsa, zai rufe ɗaruruwan murabba'in mita.

Wannan tarihi bai yi nisa da Ƙonni ba. Garin na bakin iyaka, daura da Illela ta jihar Sakkwato, kuma magani na cikin hajar da ke ƙetarawa, har a kan tiren 'yan talla. Ido ba ya bambance ƙwayar gaskiya da wadda aka murza da alli. A annobar sanƙarau ta 1995, an yi wa mutum sama da 50,000 a Nijar allurar rigakafi ta jabu, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ƙiyasta mutuwar 2,500. Hukumomi irin su LANSPEX a Yamai da NAFDAC a Nijeriya aikinsu ne auna abin da ke cikin magani da abinci, kuma kuromatogirafi na cikin manyan hanyoyin da duniya ta dogara da su a wannan awo, har da gano gubar fumfuna a gyaɗa da ragowar maganin ƙwari a kayan lambu irin su albasar Galmi.

Tswett bai taɓa tunanin zazzaɓin cizon sauro ko sanƙarau ba. Ganye kawai yake son fahimta. Amma uwar da ta sayo wa ɗanta magani a kasuwar Ƙonni, lafiyar yaron na rataye ne da tambayar da ya yi a 1903: me ke cikin wannan abu, kuma nawa ne?