Daga Majigi Zuwa Rumbun Kwamfuta

Bayan sadakar arba'in ta Baffana a Fulatan, aka buɗe adakarsa domin rabon gado. A ƙarƙashin manyan riguna da rawuna muka tarar da kaset-kaset 43, an ɗaure su da tsumma kashi uku. Wasu na Mamman Shata ne da Ɗanƙwairo, wasu na tafsirin azumi, saura kuwa babu rubutun komai a jikinsu. Magada suka raba gona da shanu da tufafi, kaset kuwa aka turo mini su gabana saboda an san ni da son tarkace. Na zagaye unguwarmu kaf ina cigiyar rakodar da zan saurare su, ban samu ko ɗaya mai rai ba. A ranar na fara tunanin hanyoyin da murya da hoto suka bi suka shigo gidajenmu, da abin da muke yarwa a hanya duk lokacin da sabuwar na'ura ta zo.

Baffa ya sha ba mu labarin majigi. A ƙarshen zamanin Turawa da farkon mulkin Sardauna, gwamnati na da motoci masu yawo gari-gari ɗauke da injin wuta da na'urar haska hoto. Idan mota ta sauka, sankira ya yi shela, bayan sallar isha'i a kafa farin ƙyalle a ƙofar gidan hakimi ko dagaci. Abin da ake nunawa wayar da kai ne: tsabta, allurar rigakafi, noman auduga da gyaɗa. Fim ɗin da ya fi zama a bakin tsofaffi shi ne Baban Larai. Birnin Kano ya san silima tun 1937 da aka buɗe Rex, amma mutumin ƙasar Ƙaraye da Rogo sai dai ya jira mota. Baffa ya ce su kan tashi tun la'asar su taka sayyada idan sun ji labarin an kawo majigi wani gari, su dawo da tsakar dare suna maimaita abin da suka gani. Kallo a lokacin na gari ne duka, kuma idan mota ta tafi, ta tafi da kayanta.

Rediyo ce ta fara kwana a gida. Tun da aka kafa gidan rediyon Kaduna a 1962, akwatin da ke rataye a kafaɗar manomi ya zama abokin hira a gona da wajen kiwo. Sai dai rediyo ba ta maimaita magana don ka makara. Rakoda ce ta ba talaka ikon ajiye murya. Da batir huɗu masu kan damisa, mutum ya ɗauki waƙa daga rediyo, ya ɗauki wa'azi, ya ɗauki kiɗan bikin 'yarsa. Wanda bai iya rubutu ba ya daina neman mai rubuta masa wasiƙa: ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa, ya danna maɓalli biyu, ya yi sallama, ya gaishe da kowa da sunansa, ya faɗi saƙonsa, ya ba direba ko maniyyaci kaset ya kai. Haka 'yan cirani a Kurmi da mazauna Makka suka riƙa magana da iyayensu shekara da shekaru.

Ni na buɗe ido a zamanin bidiyo. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, wanda ake lissafa shi a matsayin mafarin finafinan Hausa na kaset. Cikin kimanin shekara goma, kasuwar Ƙofar Wambai ta zama cibiyar da dillalai ke ɗaukar kaset zuwa ko'ina, mujallar Fim ta fara fitowa a 1999, Sangaya da Wasila suka cika gari. A wajenmu, inda wuta ba ta da tabbas, gidan kallo ne ya raya abin: rumfar zana, benci, talabijin ɗaya a kan tebur, janareta yana ƙugi a baya. Ba na manta yadda mai gidan kallon ke buɗe murfin bidiyo idan hoto ya fara ruwa, ya goge kan da farin ƙyalle, mu kuwa mun riƙe numfashi. Mata ba sa zuwa rumfa, don haka idan ana suna ko biki sai a yi hayar bidiyo da inji a kai cikin gida, tsakar gida ta cika maƙil har kan katanga.

Faifan sidi ya kori kaset, shi ma bai daɗe ba. Wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, kuma da wayoyi masu memori suka yi araha sai wata sabuwar sana'a ta tsiro, ta masu turi. A kowace kasuwa za ka ga saurayi a ɗan shago ko ƙarƙashin lema, da kwamfuta a gabansa da tarin wayoyi suna caji, yana tura wa mutane finafinai da fassarar Indiya da waƙoƙi da karatu a kan 'yan kuɗi kaɗan. Idan aka duba da kyau, kwamfutar mai turi ita ce rumbun kallo na farko da ƙauyukanmu suka mallaka. Ta sauƙaƙa wa mai kallo, amma ta karya kasuwar faifai, masu shirya fim da yawa suka yi asarar jarinsu, har sana'ar ta koma ga tashoshi irin Arewa24 da aka buɗe a 2014, da kuma YouTube inda Izzar So ya yi suna. A cikin gida kuma kallo ya watse: kowa ya shige ɗakinsa da wayarsa.

Abin da ya fi damuna a wannan tarihi shi ne, duk sauyin da aka yi, kayan kasuwa suna tsallakewa, kayan gida su nutse. Waƙoƙin Shata sun tashi daga faifan garmaho zuwa kaset, zuwa sidi, zuwa memori, domin akwai masu nema. Muryar kakanka kuwa babu ɗan kasuwar da zai kwafe ta. Bidiyon auren yayata ya yi fumfuna a cikin kwali. Hotunan sunan ɗan fari na ƙanwata sun tafi tare da wayar da ta faɗa rijiya.

Ƙanena da ya koyi gyaran kwamfuta a Kano shi ya kawo shawara. Akwai wata tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka 'yar Beljiyam da na jefar a saman sif saboda fuskarta ta tsage. Ya juya ta ya ce, "Yaya, da tsohuwar zuma ake magani. Fuska ce ta mutu, cikinta lafiya lau." Ya share ta tas, ya sa mata manhajar Jellyfin, wadda kyauta ce, aikinta ta jera finafinai da sautuka da hotuna ta miƙa wa duk na'urar da ta nema. Ya haɗa ta da waya zuwa ƙaramar na'urar raba sadarwa da ake kira rauta. Abin da ya ba ni mamaki shi ne ba a buƙatar data ko kaɗan, domin sadarwar a cikin gida take: duk wayar da ta kama siginar rautar za ta buɗe rumbun ta zaɓi abin da take so. Ma'ajiyarta gigabayit 500 ce, wutar da take ci kuwa farantin sola ɗaya da batir sun ɗauke ta. Muka ɗora ta a kan katako nesa da ƙasa, kamar yadda ake ɗora rumbu a kan duwatsu saboda danshi da gara, muna kakkaɓe mata ƙurar hunturu. Ƙanena ya dage sai mun kwafi komai a wata ma'ajiya dabam mun ajiye a gidan Goggo, domin manomin kirki ba ya haɗa iri da abinci a rumbu ɗaya.

Kaset ɗin Baffa suka fi cin lokaci. Na samo aron rakoda wajen wani tsohon mai gyaran rediyo a Rogo, muka jona ta da kwamfutar. Kaset ba ya karɓar gaggawa, gefe mai minti 30 sai ka zauna masa minti 30. Wanda zarensa ya saki na naɗe shi da biro, wanda ya tsinke na liƙe shi da jan farce. A dare na shida, cikin marasa rubutun nan, bayan dogon shuuu sai wata murya ta yi sallama. Kakanmu ne, yana aiko da saƙo daga wajen fatauci, yana tambayar ko an yi huɗar dawa, yana cewa a kula masa da 'yar autarsa kada a bar ta ta je rafi ita kaɗai.

'Yar autar ita ce Goggo, yau jikokinta sun fi ashirin. Washegari da daddare muka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, na jona wayata da lasifika. Da muryar ta kai kan sunanta, Goggo ta ja mayafi ta rufe fuska. Can ta ce, "Ɗan nan, mayar da shi baya." Sau huɗu ina mayarwa, yara sun ajiye wayoyinsu sun matso.

Finafinai ma suna cikin rumbun, waɗanda muka sayi faifansu da kuɗinmu, domin ba na so gidanmu ya ci gumin wani. Amma babban kason na kayan gida ne, kuma yana ƙaruwa. Duk ranar Juma'a bayan la'asar jikokin Goggo kan zauna gabanta da waya, ta ba su tarihin zuriya, da sunayen shanun babanta, da yadda aka yi yunwar 1973. Da magariba ƙanena ya zuba abin da aka ɗauka a rumbu, ya rubuta masa suna da kwanan wata, don kada wanda zai buɗe shi bayanmu ya tarar da shi babu rubutun komai a jikinsa.