Sifar Esquisito a Harshen Fotugal da Tarkon da Take Ɗana wa Masu Jin Ingilishi

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci ma'ana da amfanin sifar esquisito. Ta nuna cewa kamanninta da kalmar exquisite ta Ingilishi ne ke jefa ɗalibi cikin kuskure, kuma jera kalmomin biyu a jadawali bai isa ya zama magani ba.

Asali da sauyin ma'ana

Tushen kalmomin ɗaya ne, wato exquisitus ta Latin, abin da aka nemo aka zaɓa da kulawa. Ingilishi ya riƙe ɓangaren yabo, haka ma Sifaniyanci da Italiyanci. Harshen Fotugal ya bi wata hanya: zaɓaɓɓen abu ba kasafai ake samunsa ba, abin da ba a saba gani ba baƙo ne, baƙon abu kuwa akan dube shi da shakka. A yau, a Lisbon ko São Paulo, esquisito na nufin abin da bai kwanta wa mutum a rai ba. Tsohuwar ma'anar tana nan a manyan ƙamusu, amma ta kusa barin bakin jama'a. Irin waɗannan kalmomi masu kama da juna a harsuna biyu amma ma'anarsu ta bambanta, su ne marubuta Koessler da Derocquigny suka kira "abokan ƙarya" a littafinsu na 1928.

Amfani a jimla

Sifar tana bin jinsi da adadin suna: esquisito, esquisita, esquisitos, esquisitas. Wannan ba ya ba ɗalibi wahala. Inda gizo ke saƙa shi ne zaɓin aikatau, domin Ingilishi aikatau ɗaya gare shi a inda harshen Fotugal ke da biyu, ser da estar. Ele é esquisito hukunci ne a kan halin mutum, wato haka yake, murɗaɗɗe. Ele está esquisito kuwa lura ce da yanayinsa na yau, kuma sau da yawa damuwa ce ke sa a faɗe ta. A ƙasar Fotugal akwai ƙarin ma'ana: mai tsirfa, musamman wajen zaɓen abinci.

Kuskuren ya fi muni a wurin cin abinci. Baƙon da ya ce wa uwargida a comida está esquisita, da nufin yaba girkinta, ya gaya mata ne cewa abincin yana da wani ɗanɗano, kamar ya fara lalacewa. Jimlar ba ta da aibi a nahawu, shi ya sa da wuya a yi masa gyara, sai dai a ji haushi a yi shiru.

A ra'ayin wannan nazari, gargaɗi kaɗai yana barin ɗalibi da gurbi a baki. Ya kamata malami ya ba shi madadin a darasi guda: delicioso ga abinci, requintado ga ado da tsari, primoroso ga aikin hannu, sannan ya koyar da esquisito cikin jimloli masu ser da estar tun daga farko.