BABI NA UKU: TARIHIN KOYON TAUSA DA ƊORI DA ƘAHO A ƘASAR GUMEL, DAGA GADO ZUWA KWAS

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin ƙasar Gumel da mutanenta da sana'o'insu. A wannan babi kuwa za a dubi yadda ake koyon sana'o'in warkar da jiki da hannu, wato tausa da ɗori da ƙaho da gashin mai jego, tun daga zamanin da ba a san wata hanyar koyo ba sai gado, har zuwa shigowar kwas na 'yan kwanaki. Idan an ce ƙasar Gumel a nan, ana nufin ƙananan hukumomi huɗu na masarautar, wato Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. Abin da babin zai yi ƙoƙarin nunawa shi ne, kwas ya yi amfani a inda ya tarar da mai sana'a hannunsa ya riga ya faɗa, ya kuma kawo matsala a inda aka ɗauke shi a madadin zama gaban maigida. Za a kuma ga cewa ɗori, wanda kuskure a cikinsa ya fi muni, shi ne aka bari ba tare da wani tsarin horarwa ba.

3.1 Koyo ta Hanyar Gado

An kafa masarautar Gumel a wajajen shekarar 1750, ta kuma kasance ƙarƙashin inuwar Barno. A cikin ƙarni na 19 ta sha gwabzawa da maƙwabtanta, musamman Haɗeja da Damagaram, har zuwa lokacin da Turawa suka karɓe ta a 1903. Ƙasar da take yaƙi da dawaki, mutanenta kuma manoma ne da makiyaya da fatake, ba za ta rabu da karaya da targaɗe da gocewar ƙashi ba. Faɗowa daga doki ko raƙumi, da harbin jaki, da tunkuyin sa, da kokawa da dambe bayan kaka, duk sun sa kowane yanki yana da gidan maɗora da aka sani.

Tausa ita ce mafi sauƙi a cikin waɗannan sana'o'i, har ma da wuya a kira ta sana'a, domin a gida ake tashi da ita. Jika yakan taka wa kakansa baya idan ya dawo daga gona, mace takan matsa wa mijinta ƙafafu, uwa kuma takan shafe jaririnta da man shanu ko man kaɗanya tana mimmiƙe masa gaɓoɓi bayan wanka. Babu mai koyar da wannan da baki. Wanda ake yi wa ne yake cewa a danna nan, a sassauta can, har hannun yaro ya gane.

Ɗori kuwa sai gado. Ɗan maɗori yana farawa ne da aikin da ba a ɗauke shi a bakin komai ba: ya yanko karan dawa, ya fere shi daidai tsawon gaɓar da ta karye, ya kawo tsumma da man shanu, ya kuma danne mai karaya lokacin da uban yake jan ƙashi. A wannan riƙo ne yake fara jin yadda ƙashi yake motsi a ƙarƙashin fata, da irin ƙarar da yake yi idan ya koma mazauninsa. Bayan shekaru sai a bar masa ƙafar akuya ko ta tunkiya, daga nan targaɗen yara, sannan karayar hannu. Karayar cinya ita ce ta ƙarshe. Addu'o'in tofi da laƙanin gidan kuma ba a ba shi su sai an ga hankalinsa, wani ma sai uban ya ji tsufa ya kama shi. Da yawa daga cikin maɗora ba sa yanka kuɗin aiki, sai abin da aka ba su na sadaka, saboda imanin cewa ciniki yana karya laƙani. Ko mene ne gaskiyar wannan imani, ya yi wa talaka rana, domin babu wanda ake kora saboda rashin kuɗi.

Haka abin yake a wanzanci. Yaro yana fara ɗaukar wa maigidansa zabira da wasa aska, sannan ya yi wa yara aski, sannan a ba shi ƙaho. Kafa ƙaho yana buƙatar sanin inda za a ɗora shi, da ƙarfin zuƙa, da zurfin tsaga, da lokacin da za a ce jinin da aka ɗiba ya isa. Kaciya da cire belu su ne ƙarshen karatu. Abin lura a nan shi ne, wanzamai suna da Sarkin Aska, wanda ya san kowane wanzami da gidan da ya fito, ana kuma iya kai masa ƙarar wanda ya yi ɓarna. Wato ke nan tun kafin zuwan takardar shaida akwai mai shaidar gwani, akwai kuma mai tsawata masa.

Ita ko ungozoma galibi dattijuwa ce da ta daina haihuwa, wadda ta koya daga uwarta ko uwar mijinta. A al'adar Bahaushe mace takan haihu ita kaɗai saboda kunya, sai bayan jariri ya faɗo ake kiran ungozoma ta yanke cibi, ta binne mabiyiya, ta wanke jariri, ta kuma fara yi wa mai jego wanka da tafasasshen ruwa da ganye, tana gasa mata jiki tana danna mata ciki. Ana yin wannan wanka har kwana 40 ko fiye. Ganyen darbejiya da aka fi sani da wankan jego a yau baƙo ne, domin a zamanin Turawa aka kawo itacen, aka fara dasa shi a Barno a 1928. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa sana'ar gado ma takan karɓi sabon abu idan ta ga amfaninsa.

3.2 Tausar Asibiti

Turawa sun kawo tasu tausar, wadda ake kira gashin ƙashi. An fara ta a Nijeriya a 1945 a asibitin ƙashi na Igbobi da ke Legas, inda aka riƙa horar da mataimaka na tsawon shekara uku, kafin Jami'ar Ibadan ta fara ba da digiri a fannin a 1966. A Arewa kuwa asibitin ƙashi na Dala da ke Kano, wanda aka buɗe a 1959, shi ne cibiyar wannan aiki. To amma daga Gumel zuwa Kano ya haura kilomita 100, daga ƙauyukan Maigatari da Sule Tankarkar na bakin iyaka kuma ya fi haka. Saboda haka wannan ilimi bai taɓa gidajen maɗora ba. Kowa ya ci gaba da harkarsa, likita yana ganin maɗori a matsayin mai ɓata masa aiki, maɗori kuma yana ganin likita a matsayin mai gaggawar yanke ƙafa.

3.3 Shigowar Kwas

Kwas na farko da ya shiga gidajen masu sana'ar gado shi ne na ungozomomi. Asalinsa taron Alma-Ata na 1978, inda ƙasashen duniya suka amince a kai kiwon lafiya matakin farko har ƙauye, a kuma yi amfani da masu maganin gargajiya bayan an horar da su. A Nijeriya abin ya kankama ne a zamanin Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda ya riƙe ma'aikatar lafiya ta tarayya daga 1985 zuwa 1992. A cikin wannan tsakani ne aka miƙa kiwon lafiya matakin farko ga ƙananan hukumomi, a ciki ne kuma aka cire ƙasar Gumel daga Jihar Kano aka sa ta a sabuwar Jihar Jigawa, ranar 27 ga Agusta, 1991. Yadda tsarin yake shi ne, masu unguwanni da dagatai su ba da sunayen ungozomomi, a tara su na 'yan kwanaki ko makonni, a koya musu wanke hannu da sabulu, da yanke cibi da sabuwar reza, da barin shafa masa toka ko wani abu mai datti, da gane alamun da za a garzaya da mace asibiti. A ƙarshe a ba kowace akwatin kayan aiki.

Wannan kwas bai koya wa kowa tausa ko gashi ba, domin waɗanda aka tara sun fi masu koyar da su sanin wannan. Tsafta ya ƙara musu, kuma a nan ya yi tasiri, musamman wajen kare jarirai daga ciwon sarƙe-haƙora da ke shiga ta cibi. Inda ya gaza guda biyu ne. Na farko, an tsara shi ne a kan zaton ungozoma tana zaune tun farkon naƙuda, alhali ta Bahaushe sau da yawa sai an haihu take zuwa, don haka doguwar naƙuda takan wuce ba ta gani ba. Na biyu, ya ci karo da wankan jego. Tun a shekarun 1970 likitoci biyu, Davidson da Parry, suka yi bincike a asibitin koyarwa na Zariya a kan ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa, suka danganta yawansa da shan kunun kanwa da tsananin zafin gashi. Sai dai ungozomar da aka ce ta rage zafin ruwa ba ita ke da ta cewa a gidan ba. Uwar mai jego da uwar miji su ne za su ce ba a gasa musu 'ya ba, kuma duk ciwon da ya biyo baya a kanta za a ɗora. Daga ƙarshen shekarun 1990 Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye daga wannan tsari, ta koma ga ungozomomin asibiti, Nijeriya ma ta fito da shirin tura su karkara a 2009.

Wanzamai kuma cutar ƙanjamau ce ta kai su gaban jami'an lafiya. Bayan an tabbatar da ɓullarta a Nijeriya a 1986, an riƙa kiran su bita ana jan kunnensu a kan tsaga mutum biyu da aska ɗaya, saboda ita da kuma ciwon hanta. Wannan bita ta karɓu cikin sauƙi, domin ta hannun shugabanninsu ake kiransu, abin da aka nema kuma reza ce ta 'yan kuɗi kaɗan.

Kwas na uku ya bambanta da waɗannan biyu, domin ba hukuma ce ta kawo shi ba, ba kuma masu gado aka nufa da shi ba. Bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci a jihohin Arewa a shekarar 2000, shagunan magungunan Musulunci sun yawaita, tare da su kuma ƙaho ya dawo da sunansa na Larabci, wato hijama. Kofunan roba da ɗan famfon zuƙa suka maye gurbin ƙahon sa da bakin wanzami, aka kuma fi son ranakun 17 da 19 da 21 ga watan Musulunci. Sai aka buɗe wuraren koyarwa a birane irin su Kano, inda saurayi ko budurwa za su biya kuɗi su koyi hijama da tausa a cikin mako ɗaya ko biyu, wani lokaci ma ta wayar hannu, a ba su takardar shaida. Ba za a musa alherin wannan ba. Ya ba matan kulle damar samun mace 'yar'uwarsu ta yi musu ƙaho, abin da wanzanci bai tanada ba, ya kuma zo da safar hannu da kayan da ake jefarwa bayan aiki. Amma wanda ya yi kwas na mako biyu bai ga jiki ɗari ba kafin ya tsaga na farko, bai san mai ƙarancin jini da ido ba, ba ya kuma ƙarƙashin Sarkin Aska, ba ya ƙarƙashin asibiti. Idan ya yi kuskure babu takamaiman wanda za a kai wa ƙara.

3.4 Ɗori: Sana'ar da Aka Bari a Baya

Duk da cewa gwamnatin tarayya ta fito da manufar maganin gargajiya a 2007, ba a taɓa yi wa maɗora tsarin horarwa na ƙasa baki ɗaya irin wanda aka yi wa ungozomomi ba. Alhali kuwa aikin da ake kawo musu ya sauya. Tun da acaɓa ta yawaita daga ƙarshen shekarun 1980, karayar da ake samu a hanyar Gumel zuwa Maigatari, musamman ranar Alhamis da kasuwar dabbobi take ci, ba irin ta faɗowa daga jaki ba ce. Ƙashi yakan dagargaje, ko ya huda fata ya fito, irin raunin da kakannin maɗoran ba su cika gani ba sai a fagen yaƙi.

Babban haɗarin ɗori shi ne ɗaurin da ya yi tsauri. Gaɓar da ta karye takan kumbura a kwanakin farko, idan kuma karare sun matse ta sai jini ya daina kaiwa ƙasa. Yatsu su yi sanyi, su daina motsi, su yi baƙi, daga nan sai ruɓewa. Yara ne suka fi faɗawa cikin wannan, musamman a karayar gwiwar hannu, domin idan yaro yana kuka sai a ce zafin ɗori ne, a ba shi haƙuri. Gogaggen maɗori yakan sassauta ɗauri ya duba, amma ba kowane mai ɗori ne gogagge ba, tun da yanzu wasu 'ya'yan gidan boko da ci-rani sun ɗauke su, ba su yi zaman da iyayensu suka yi ba. Abin takaici shi ne, alamun nan ba su fi a koyar da su a wuni ɗaya ba: yatsun da suka yi sanyi, da ciwon da ke ƙaruwa maimakon raguwa, da karayar da ke da rauni a buɗe, da wadda ta shafi ƙugu ko gadon baya. Irin aikin da gajeren kwas ya fi dacewa da shi ke nan, kamar yadda aka gani a batun reza da sabulu, domin ba hannu za a koya wa maɗori ba, iyakarsa za a nuna masa.

A halin da ake ciki, sai hannu ya yi baƙi ake ɗaukar yaro zuwa babban asibitin Gumel, daga can a tura shi Kano, inda likita ba shi da abin yi sai yankewa. Idan an dawo da shi gida da dungu, labarin da zai bazu a ƙauye shi ne an kai shi asibiti an yanke masa hannu, kuma wannan labari ne zai hana maƙwabci kai nasa ɗan da wuri.