Ɗinkin da ke Ƙarƙashin Cutar Alkama

A shekarar 1993 cutar ruɓewar zangarniya ta afka wa gonakin alkama da sha'ir a jihohin Minnesota da Dakota na Amurka, har ta tsallaka Manitoba ta Kanada. An ƙiyasta asarar da ta kai kusan dala biliyan 1. Mai haddasa ta wata funfuna ce da ake kira Fusarium graminearum, wadda ke busar da zangarniya, ta kuma bar dafi a cikin ƙwayar hatsi, dafin da ke sa dabba amai da ƙin abinci. A wannan shekarar ce aka ba Richard Roberts da Phillip Sharp lambar yabo ta Nobel kan wani bincike da, a ido, ba shi da wata alaƙa da noma.

Tun a 1977 mutanen biyu, kowa da tawagarsa, suka gano cewa saƙon da ke cikin ƙwayar gado ba a jere yake ba. Idan aka kwafe shi daga DNA zuwa RNA, yakan fito gauraye da guntayen da ba su shiga cikin furotin. Dole a yanke su, a ɗinke ragowar, kamar yadda tela ke cire rarar yadi kafin riga ta tsaya. A 1978 Walter Gilbert ya kira abin yankewa intron, abin ajiyewa kuma exon. Zuwa 1985 an san injin da ke wannan aiki, wato spliceosome, tarin furotin da ƙananan RNA.

Shekaru da dama yawancin nazarin wannan injin an yi shi ne a tantanin ɗan Adam da yis ɗin burodi. Sai dai yis ba ya wakiltar danginsa: ƙwayoyin gadonsa kusan 6,000 ne, amma 'yan ɗaruruwa kaɗai ke da intron. Da aka kammala karanta kundin gadon funfunar da ke ƙone shinkafa a 2005, da na Fusarium graminearum a 2007, ya bayyana cewa mafi yawan ƙwayoyin gadonsu suna buƙatar yanka da ɗinki. Ke nan duk abin da ya taɓa injin zai taɓa kusan kowane sashe na rayuwarsu.

Tawagar Jin-Rong Xu, da ke aiki a Jami'ar Purdue ta Amurka da kuma Sin, ta gwada hakan. Sun cire ƙwayar gadon Prp4, furotin ɗin da ke kunna injin kafin ya soma yanka. A rahotonsu na 2016, funfunar ba ta mutu ba, amma girmanta ya tsumbure, haihuwarta ta lalace, ta kuma kasa cutar da alkama. Intron ya riƙa maƙalewa a saƙonnin ƙwayoyin gado masu ɗimbin yawa. Daga nan aka fahimci cewa ƙarfin cutarwa bai tsaya ga dafi da makaman huda tsiro ba. Ya rataya har ga ingancin ɗinkin saƙonnin da ke ƙera su.

Binciken ya zo da gargaɗi biyu. Na farko, wasu daga cikin raunanan funfunan sun farfaɗo da kansu, bayan sauye-sauye sun auku a wasu sassan injin, alamar cewa maganin da ya dogara ga wannan kafa zai iya fuskantar turjiya. Na biyu, irin wannan furotin yana jikin tsirrai da mutane. Saboda haka aikin da ke gaban masana shi ne gano inda injin funfuna ya bambanta da na alkama da na mai cin ta, domin a nan kaɗai magani zai iya bugun cuta ba tare da ya taɓa gona ba.