Lambar Littafi a Laburare: Asalinta da Yadda Ake Karanta Ta

Lambar littafi ita ce haruffa da alƙaluman da ake rubutawa a 'yar farar takarda a manna a gadon bayan littafi, domin nuna mazauninsa a kan kanta. Tana da aiki biyu: ta gaya wa mai nema inda zai dosa, ta kuma tara littattafan fanni ɗaya wuri guda.

Kafin ƙarshen ƙarni na 19, yawancin ɗakunan karatu a Turai da Amurka kanta suke bai wa lamba, ba littafi ba. Littafi yana kanta ta kaza, layi na kaza, shi ke nan. Idan littattafai suka ƙaru aka sake jera su, sai a koma a gyara lambobi da katunan bayani daga farko. Wahala ce babba.

Melvil Dewey ne ya sauya wannan. Yana aiki a laburaren Kwalejin Amherst da ke jihar Massachusetts ya tsara hanyarsa, aka buga ta a 1876 a ɗan littafi mai shafi 44. Hikimar ita ce lamba ta bi abin da littafi ya ƙunsa. Ya kasa ilimi gida 10, daga 000 zuwa 900: addini 200, harsuna 400, kimiyya 500, adabi 800, tarihi da labarin ƙasa 900. Kowane gida ya rabu goma, kowane rabo ya sake rabuwa goma, bayan ɗigo kuma a ci gaba da yankawa yadda ake buƙata. Charles Cutter na birnin Boston ya kawo dabarar haɗa harafin farko na sunan marubuci da alƙaluma, don bambanta littattafan da fanninsu ya zo ɗaya.

Wajen karanta lambar ne masu karatu da yawa ke ɓacewa. Alƙaluman bayan ɗigo ɗaya bayan ɗaya ake duba su, ba a dunƙule ba. Saboda haka 297.122, mazaunin Alƙur'ani, yana gaba da 297.2, domin 1 ya riga 2, ko da yake ido na ganin 122 ya fi yawa. Ana bin kanta daga hagu zuwa dama, daga sama zuwa ƙasa.

Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya fara shirya nasa tsarin a 1897, da haruffa 21 a matsayin manyan gidaje, kuma shi ne jami'o'i da yawa suka runguma. A Indiya, wani masani mai suna Ranganathan ya fitar da nasa a 1933.

Tsarin Dewey yana ɗauke da tabon zamaninsa. Daga 220 zuwa 280 kusan duk na Kiristanci ne, Musulunci kuwa da duk faɗin iliminsa aka cusa shi a 297 kaɗai. Wannan rashin adalci ne, kuma gyaran da aka yi ta yi har zuwa bugu na 23 a 2011 bai kawar da shi gaba ɗaya ba. Duk da haka ana amfani da tsarin a ƙasashe sama da 135. Mai neman nahawun Hausa ya duba 493.72, adabinta 893.72, tarihin Nijeriya kuwa 966.9.